Na Ce Masa Ya Yi Shiru

Ni ne na yi laifi. Na daɗe ina juya maganar a raina ina neman wanda zan ɗora wa rabinta, ko dutsen, ko sanyi, ko shekarun mutumin, amma duk inda na juya ta kaina take dawowa.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a kam ɗin ma'aikata na Al Quoz a Dubai, gadaje uku masu hawa biyu. Wanda ke kwana a gadon da ke ƙasa da nawa ɗan Ghana ne daga zangon Kumasi, Musulmi, ya ba hamsin baya. Gadi yake yi a siton da nake gyaran esi. Yaya nake kiransa. Ranar da na sauka kam ɗin ban san kowa ba, shi ya ji ina waya da mahaifiyata da Hausa, ya matso ya ce ga ɗan'uwa Allah ya kawo masa. Shi ya koya mini hawan metro, shi yake tashina kowace Juma'a, ranar hutu a can, kada motar coci ta tafi ta bar ni. Yakan kira ni Fasto saboda Littafi Mai Tsarki da ke ƙarƙashin matashina, wani lokaci kuma ɗan dutse, don yawan kurin da nake yi cewa a Filato aka haife ni, a kan duwatsu na koyi tafiya.

A siton akwai direban foklif, mutumin Nepal, wanda kafin ya zo Dubai aikinsa raka baƙi hawan dutse. Jagora muke ce masa. Wata rana muna cin abincin rana a inuwar kwantena ya nuna mana hotunan ƙasarsu a waya. Ya ce akwai hanyar da aka yi don sababbin shiga, kwana biyar, daga wannan ƙauye zuwa wancan, kowace yamma a sauka a masauki mai gado da abinci mai zafi. Babu igiya, babu tanti, har tsofaffin mata suna yi. Ni na yi dariya na ce wannan ai yawo ne. Yaya kuwa ya riƙe wayar ya daɗe yana kallon farin dutsen. Ya ce shekara goma sha biyu yana tsaye a ƙofa ɗaya yana kallon katanga ɗaya, yana so ya ga wani abu na ikon Allah kafin ya koma gida.

Shekara biyu ke nan kafin korona. Muka daidaita hutunmu mu uku, muka sha wahalar biza har Abu Dhabi. Da yake Dubai babu ko tudun kirki, sai muka riƙa zuwa Bur Dubai ranar Juma'a da yamma, wani bene da abokin Yaya ke gadi, mu cika jaka da gorunan ruwa mu hau matakala har hawa na goma sha huɗu. Yaya yakan tsaya duk bayan hawa uku ya dafe gwiwa yana haki. A nan ne wata rana, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce, "Ɗan dutse, kada ka bar ni a can fa." Na ce masa ko goya shi ne zan yi.

Dokar Jagora biyu ce, kuma tun a Dubai ya faɗa mana. Ta farko, wanda ya fi kowa rashin sauri shi ke gaba, ba mai wuce shi. Ta biyu, kowace safiya zai tambayi kowa ko kansa na ciwo, kuma dole a faɗi gaskiya, domin iskar sama ba ta da ƙarfi, tana iya kumbura wa mutum ƙwaƙwalwa. In kan mutum ɗaya ya yi ciwo, duka za a tsaya ko a sauka.

Da muka isa Nepal, kwana biyun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Matakalar dutse ba iyaka, alfadarai da ƙararrawa a wuya suna wuce mu da tukwanen gas, gadar ƙarfe tana lilo a kan ruwa mai ƙara. Kowane masauki da ɗakin cin abinci da murhun durom a tsakiya, a rataye safa a kewaye, a kawo shinkafa da romon wake, in ka cinye a ƙara maka. Yaya na gaba da sandarsa, Jagora na baya yana ta cewa shwayya-shwayya, wato a hankali, da Larabcinsa na sito. Ni ina tsakiya, ƙafata na ƙaiƙayi. Tafiyar da zan yi a awa uku muna yin ta a shida. In Yaya ya tsaya salla a gefen hanya, sai in zauna in riƙa duba agogo yadda zai gani.

Safiya ta huɗu ita ce ta hawa ƙololuwar da ake hango fararen duwatsun duka. Muna ɗaura takalma a ɗaki, Yaya ya ce mini da Hausa kansa kamar ana sara da gatari, ya yi amai sau biyu, kuma in ya miƙe ƙasa na juyawa. Ya tambaye ni, ya faɗa wa Jagora ko ya yi shiru.

Na san amsa. Amma na tuna hutunmu ba shi da rarar kwana, in aka sauka ba za a sake hawowa ba, kuma na riga na cika wa 'yan kam baki cewa zan aiko hoto daga sama. Na ce, "Yaya, sanyi ne kawai. Ni na san dutse. Sha fanadol ka yi shiru, in ka faɗa ka kashe mana tafiya." Ya dube ni, ya karɓi maganin. Da Jagora ya tambaya a bakin murhu, Yaya ya ce lafiya lau.

Ba mu yi awa ɗaya ba ya fara tangaɗi, yana taku biyar yana tsayawa. Na ga gajimare na tasowa daga kwari, na san in muka bi tafiyarsa ba abin da za mu gani. Na ce wa Jagora zan yi gaba in jira su a sama. Ya ce a'a. Na raɓa ta gefen Yaya na wuce, kafaɗata har ta goge jakarsa. 

Na kai sama, na ga duwatsun, na ɗauki hotuna fiye da talatin. Na jira, ba su zo ba. Da na sauko sai na tarar da su can ƙasa da masaukin da muka kwana. Jagora ya samo wani mai ɗaukar kaya na ƙauyen, sun zaunar da Yaya a cikin kwandon da ake ɗauko buhun shinkafa, an yanke gefensa, igiyar a goshin mutumin. Ƙafafun Yaya na reto, amai ya ɓata masa riga, leɓensa ya yi baƙi. Matan ƙauye sun tsaya suna kallo. Da ya hango ni sai ya juya fuskarsa ga dutse.

A masaukin ƙasa, bayan ya sha miyar tafarnuwa hankalinsa ya dawo, Jagora ya zauna gabansa ya yi masa faɗa irin wanda ba a yi wa babba. Ya ce ya taɓa sauko da gawa saboda irin wannan ƙaryar, ya ce bai zaci dattijo mai salla zai dube shi ya yi masa ƙarya ba. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Ina zaune taku uku daga wurin, ina gasa hannu a murhu. Na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Muka dawo Al Quoz, rayuwa ta koma yadda take, sai dai abubuwa ƙanana. Yaya ya daina kirana ɗan dutse, ya daina kirana Fasto, sai sunana na yanka. Bai fasa tashina ranar Juma'a ba, kuma wannan ya fi damuna. Jagora ya daina zama cin abinci kusa da shi. Ni kuma na ƙara wani laifin a kan na farko. 'Yan ɗaki suna kallon hotunana suka tambayi ina Yaya a ciki, sai na ba da labarin kwandon, har da kwaikwayon yadda ƙafafunsa ke reto. Aka yi ta dariya. Daga ranar suka sa masa suna Kargo, wato kaya. Wata da watanni ana kiransa haka a ƙofar sito, yana amsawa, ina ji.

Na sha shirya maganar a bakina, a motar coci, a kan tsani ina kwance esi. In na dawo ɗaki na gan shi yana ninke sallayarsa sai in ce gobe.

Da korona ta zo aka rage ma'aikata, sunan Yaya na cikin na farko. Ya zauna watanni a ɗaki ba aiki har jirage suka fara tashi. Juma'arsa ta ƙarshe kafin ya koma gida ya ce zai je kasuwar Al Ras ya sayo wa matarsa kanumfari da turaren wuta. Na ce zan raka shi, na kuma roƙi Jagora ya zo, ban gaya masa dalili ba. Muka hau abra, kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane, daga Bur Dubai, kowa da takunkumi, an bar tazara a tsakaninmu. Da muka sauka, a kan matakalar bakin ruwa, na ce su tsaya.

Na fara da Jagora, da Turancinmu na aiki. Na gaya masa Yaya ya faɗa mini ciwonsa a safiyar, ni na hana shi magana, ƙaryar tawa ce. Sannan na janye takunkumina, na durƙusa yadda ake yi wa babba a gida, mutane na raɓa mu suna wucewa.

Na ce, "Yaya, ka tambaye ni don ka yarda da ni, na sa ka yi shiru saboda hoto. Na wuce ka a hanya bayan na yi maka alkawari. Aka yi maka faɗa ina zaune, na kuma mai da kai abin dariya. Da ka mutu a can, ni na kashe ka. Ban cancanta ba, amma don Allah ka yafe mini."