Sheri Tana Idda

Arzika Hamissou ɗan Gaya ne, a Nijar, garin da ke bakin kogin Kwara dab da iyakar Najeriya. Gidansu Sarkawa ne, kakansa masunci, ubansa masunci. Shi kaɗai aka sa a makarantar boko cikin 'ya'yan gidan, ya yi karatu da Faransanci har ya gama sakandare, bai sami aiki ba. Ya zo Dubai a 2006. Tun daga lokacin yake tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Jebel Ali, yana kwana a Hor Al Anz, ɗaki ɗaya su shida. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwati, da takalmin aiki, da sandar fatsa biyu a nannaɗe cikin tsohon zanen gado.

A masallacin unguwarmu, Abu Hail, na san shi. Ya ji ina aikin gwajin ruwan sha, sai ya ce ai ni ma mutumin ruwa ne, ya gayyace ni kamun kifi. Duk Juma'a bayan asuba mukan je kan duwatsun bakin teku, inda aka yarda a jefa ƙugiya. Yana da lasisi, wanda yake kira permi, a cikin leda a aljihun gaba. 'Yata Muhsinat ta ce sai ta bi mu. Tana da sikila, sanyi da gajiya ba sa yi mata kyau, don haka takan zauna a kujera da bargo a kafaɗa, tef ɗin awo a hannunta. Daga baya ilimin halittun ruwa ta karanta a jami'a. Kawu take ce masa, shi kuma ɗiyata.

Daga 2016 aka hana kama kifin sheri da na safi a watan Maris da Afrilu, lokacin da suke zuba ƙwai. Ko a kasuwa ba a sayar da su. Sheri kuwa shi ne kifin da Arzika ya fi so, da shi yake farfesun da duk gidanmu suka sani.

"Teku guda cur, a ce kihi zai ƙare?" in ji shi. Haka yake faɗi, kihi.

"Kawu, a Gaya ba a rufe ruwa?"

Ya yarda akwai wani gurbi da Sarkin Ruwa kan rufe wata da watanni, ko ubansa bai isa ya jefa koma a ciki ba sai an buɗe.

"Amma wancan saboda iskoki ne."

"Wannan saboda ƙwai ne."

Ya dubi ruwan. "Wato idda take yi."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Daga ranar sheri ta zama mace a bakin Arzika. In ta kama ƙugiyarsa a watannin nan biyu, sai ya jiƙa hannu, ya cire ƙugiyar a hankali, ya ɗaga ta daidai fuskarsa ya ce, "Na sake ki, saki ɗaya. In kin gama idda, ni ne farkon mai sallama."

"Kawu, wannan fa ita ce ta makon jiya. Saura ɗaya ya cika uku."

"Ba ita ba ce, ƙanwarta ce."

"To ai ba a haɗa ya da ƙanwa."

"Malam Zainu, ka ji ɗiyarka za ta kai ni gaban alƙali."

Muhsinat ta rasu ranar Asabar, tara ga Fabrairu, 2019. Shekarunta ashirin da biyu. A nan aka binne ta. Arzika ya bar aikinsa na ranar ya zo, ya tsaya a sahun gaba. Da muka fito daga maƙabarta ya ce mini sandata ta fatsa tana wurinsa.

Mahaifiyarta, Ummulkhair, ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ba ta musu. In an ajiye mata takan ce an gode, sai a ɗauke yadda aka kawo. Rabin kofin shayi da dabino ɗaya, shi ke nan a yini. Cikin mako biyar ta rage kilo bakwai. Likita ya ce in aka ƙara mako guda a haka, zai kwantar da ita. Ranar wata Laraba tana zaune tana kallon bango ta ce, "Farfesun sherin Arzika nake ji a bakina." Shi ne abu na farko da ta nema tun ranar Asabar ɗin.

Na je kasuwar kifi ta Deira. Na bi teburi goma sha ɗaya. Na ƙarshe ya ce mini, "Mamnu', habibi," wato an hana, ya nuna mini takardar dokar da ke manne a ginshiƙi. Na kira Arzika a waya.

"Malam, ka san watan da muke ciki?"

"Na sani."

Na ji ƙarar injin a bayansa, da wani yana ce masa yalla, ya yi sauri. Ya ce, "Bon, shi ke nan. Juma'a."

Ashirin da biyu ga Maris ne. Mu biyu muka je. Kujerar tana bayan mota, ban sauke ta ba. Da farko ya kama naisar biyu, ƙananan kifaye masu ratsi waɗanda ba a hana ba. Bakwai da minti goma sandarsa ta lanƙwasa. Sheri ce. Tef ɗin Muhsinat yana cikin akwatin ƙugiyoyi, ya auna kamar yadda ta saba: santimita talatin da takwas. Cikinta a kumbure. Babu kowa a kan duwatsun sai wani mutum can nesa da ya juya mana baya.

Na ce, "Sa ta a kula."

Ya ɗebo ruwan teku a bokiti, ya sa ta a ciki.

"Kai ne uba," in ji shi. "In ka ce a yanka, a yanka, ni zan dafa. Tara ba ta dame ni ba, permin ma su karɓe. Amma in Hajiya ta tambaye ni inda na samo, gaskiya zan gaya mata. Ita ma ta san watan. Ɗiyata ta cika mata kunne da shi."

"Ba ta cin komai, Arzika."

"Na sani."

Muka zauna. Kifin yana zagaya bokitin, yana komawa ta ɗaya gefen. Ban ji komai ba, ina dai kallo. Sau biyu Arzika ya sake mata ruwa. Da rana ta fara zafi ya jiƙa hannunsa, ya ɗago ta, ya dube ni. Ban ce a'a ba. Ya sauka dutse biyu, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya saba faɗa, a hankali. Ya ɗan tsaya bayan ya gama, a daidai inda akan ba shi amsa. Sannan ya buɗe hannu.

A kicin ɗinsu na Hor Al Anz ya dafa naisar ɗin, da attaruhu da citta da kanumfari. Bayan sallar Juma'a ya kawo. Ya yi sallama, ya tsaya a ƙofar falo, bai shigo ba. Na zuba a kwano na ajiye gaban Ummulkhair. Ta dubi kan kifin.

"Wannan ba sheri ba ne."

"A'a, Hajiya. Mun kama ta. Tana idda."

Ummulkhair ta ɗago ta dube shi. Rabon da ta dubi fuskar wani tun makon farko.

"Saki nawa ka yi mata?"

"Ɗaya."

"Yaushe za ta fita?"

"Ɗaya ga Mayu."

Ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta, ta zagayo, ta sake zagayowa. "Kwana arba'in," in ji ta. "Laraba ce. Sai Juma'ar kenan, kafin azumi."

"In sha Allahu."

Ta jawo kwanon. Ta sha romo cokali shida, ta ci gefe ɗaya na kifin. Ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Arzika ya ce gaskiya ne, hannunsa ya zarce. Ya karɓi kularsa, ya ce gobe aikin safe gare shi, motar kamfani ƙarfe biyar take tashi.

Uku ga Mayu ya kawo sheri biyu a dafe. Har yanzu yana sito ɗaya a Jebel Ali, kuma sandata tana ƙarƙashin gadonsa tare da tasa.