Ƙauyen da Yayata Ta Tsufa

A Mahjar, wata unguwa a Jidda, aka haife mu, ni da yayata, a gidan da baƙi ba sa yankewa. Ita ta auri wani Bafaranshe da ke aiki a Madinar Masana'antu, wato yankin kamfanoni na Jidda. Ya musulunta, mutumin kirki ne. Da ya bar aiki ya tafi da ita ƙauyensu a can ƙasarsu. Ba su haihu ba. Bayan rasuwarsa na yi ta fama har na samu biza, na je da niyyar in dawo da ita.

Motar haya ta sauke ni a gaban coci. Rana tsaka ce, amma ban ga kowa ba. Gidajen duk na dutse, tagogi a rufe, wasu ciyawa ta cinye ƙofarsu. Kantin burodi ya daɗe da mutuwa, mota ce ke kawowa da safe, tsofaffi su fito da sanduna su karɓa su koma. Makarantar ma an kulle, babu yaran da za su shiga.

Na same ta a bayan gida tana watsa wa kaji tsaba, tana yi musu faɗa da Hausa. Ta rame ƙwarai, ga rigar sanyin mijinta a kan abaya. Da ta rungume ni ƙashi kawai na ji.

Har na gama zamana ba wanda ya leƙo mu. Maƙwabciyarta ba ta da mugunta, takan ajiye mata tuffa a kan katanga, amma ba ta taɓa shigowa ba.

Wata rana muna shan shayi na ce, "Yaya, halas, ya isa haka. Ki haɗa kayanki mu koma gida."

Ta ce, "Wane gidan? Iƙamata, takardar zamana a can, ta mutu tun ina da ƙarfi. Wa zai zama kafilin tsohuwa, ya tsaya mata a wurin hukuma? Nijar ɗin da ke kan fasfona kuwa ban taɓa taka ta ba."

"Ko umra ki zo."

"In ga Jidda, a ce kwanakin bizata sun ƙare, in sake fita? Sau ɗaya na iya wannan, ƙanwata."

Kafin in taho ta kai ni kabarin mijinta. Danginsa a maƙabartar coci suka sa shi, gefen iyayensa, ita kaɗai ta tsaya ta yi masa addu'a. Muna dawowa ana yayyafi ta ce, "Shi dai ya same ni. Ni ban san wa zai wanke ni ba."

Da sanyi ya shigo ta rasu. Sai da ta kwana biyu kafin mai kawo mata iskar gas ya fasa ƙofa. Wasu mata daga masallacin wani birni mai nisa suka yi mata wanka, ba wadda ta san ta a cikinsu. Ban samu biza a kan lokaci ba.

A can Jidda, a unguwar Madain Fahd, muka yi zaman makoki. Gida ya cika har tsakar titi, mutane suna ta tambayata sunan garin da aka binne ta, ni kuwa bakina bai iya faɗarsa daidai ba.