Maikano Mai Hura Kaset

Maikano na Malbaza bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Da ya faɗi jarrabawa, mahaifinsu bai tsaya faɗa ba, ya kai shi Ƙonni wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bayan 'yan shekaru ya dawo da akwatin katako, da ƙananan sukurdireba, da ƙarfen narka dalma irin wanda ake turawa cikin garwashi sai ya yi ja.

Yayarsa Aishatu ce ta ba shi wurin zama. Mijinta ya rasu ya bar mata gida a bakin hanyar da manyan motoci ke jiran lodin siminti, zauren gidan kuma ba mai amfani da shi. Ta ce masa: "Ga zaure nan. Wurin aiki na ba ka, ba dandali ba." Ya ce ya ji.

A lokacin kuwa hannunsa na da kyau, wannan ba wanda zai musa. In aka kawo rediyo, kafin ya taɓa komai sai ya kara kunne, sannan ya buɗe baya ya sansana. Da hanci yake gane inda ya ƙone. Mutanen Alela kan zo a amalanke da rediyo a naɗe cikin zane kamar jinjiri, su koma da shi yana magana. Aishatu ba mai yabon mutum ba ce, amma in mata suka taru ana zancen 'yan'uwa, takan ce: "Namu dai bai da kai sosai, amma yana da hannu." A bakinta wannan kirari ne.

Ita ma tana da nata rediyon, na marigayi mijinta, mai rigar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ba kiɗa take ji da shi ba. Sanarwar rasuwa take saurare, don danginta da na mijinta sun watsu daga Illela har Tawa, kuma ta ɗauki zuwa gaisuwar mutuwa a kan kari abin da ba a wasa da shi. Duk sanda rediyon ya yi shiru, Maikano ke tashe shi.

Aibinsa ɗaya, ba ya ganin sabon abu ya kau da kai. Da rakoda mai kaset ta shigo, ya saya ya wargaza ta, ya koyi cikinta. Da bidiyo ya zo, ya buɗe, ya iya canza robar da ke juya shi, sauran kuwa kallo kawai ya yi ya mayar da murfi. Aishatu ta lura da wannan.

A farkon shekarun casa'in ya je Sakkwato sayen kayan gyara, ya dawo ba dalma ba waya, sai wani kwali. A ciki akwai ɗan akwatin roba, da abin dannawa guda biyu masu igiya, da kaset-kaset masu launi. Ya jona shi da tele, wato talabijin, ya jona tele da batirin mota, ya kira yayarsa.

"Yaya, zo ki ga ikon Allah. Kin ga wanga ɗan mutum? Ni ke tafiyar da shi."

Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "In ya kai can ƙarshe, mi za a ba shi?"

"Sai a sake mai wani wuri, ya ci gaba."

"Jakin Takama mai ruwa ma haka yake yi tun safe. Shi aƙalla ruwa yake kawowa."

Ta koma cikin gida. Kafin sati ya zagayo, zaure ya cika da direbobi. Ba yara ba, magidanta masu furfura a gemu, waɗanda ke kwana da kwanaki suna jiran lodi. Su zauna a ƙasa suna danne-danne, bakinsu a buɗe, suna zagin wani abu da ba ya jin su. Maiƙon tsire da gumi suka daskare a jikin maɓallan har suka yi baƙin ɓawo. Bangon zauren da Aishatu ke shafewa da farar ƙasa kowace salla ya yi ɗigo-ɗigon jan yawun goro. Bayan katanga ya koma wurin fitsari, don ba mai yarda ya yi nisa a karɓe masa layi. Mata suka daina shiga gidan ta ƙofa, sai ta gidan maƙwabta.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne hurawa. Malbaza gari ne na ƙurar siminti, tana shiga ko'ina, har cikin kaset. In ta shiga, hoto sai ya tsaya ya yi zane-zane. Wanda ya sayar wa Maikano ya ce maganin abin sauƙi ne, a zare kaset a hura bakinsa a mayar. Sai wannan ya zama al'ada. Kowa na ganin bakinsa ya fi sa'a. Wani direba Mahamudu, mai cin taba da kanwa, wanda haƙoransa suka koma launin tukunya, shi ne gwanin. Yakan karɓe kaset daga hannun Maikano ya ce: "Kawo nan, mai gyara, iskarka ba ta da ƙarfi." Ya yi bisimilla, ya hura, ya bi da ɗan tofi kamar mai yi wa marar lafiya addu'a. In bai tashi ba ya miƙa wa na kusa. Kaset ɗaya ya zagaya bakuna, a jiƙe, ya dawo na Maikano.

Da damina rediyon Aishatu ya mutu. Ta kawo.

"Aje nan, Yaya. Yanzun nan."

Ta aje. Gero ya yi kai, aka yanke, aka ɗaure damma, rediyo na nan ƙarƙashin tebur, ana ɗora masa kofin shayi. Duk sanda ta tambaya, idonsa na kan tele yake amsawa. Ba ta kai shi wurin wani ba, don kai rediyonta wata rumfa daidai yake da ta faɗa wa gari cewa ƙanenta ya tashi daga aiki.

Wata ranar kasuwa wata mai albasa daga Illela ta tare ta, ta yi mata gaisuwar rashin gwaggon mijinta, matar da ta riƙe ta lokacin amarci. An sanar a rediyo, an yi jana'iza, an yi sadaka, an watse. Dangi sun tambayi ina Aishatu, aka ce ko ta manta da su tun da ɗansu ya kwanta dama.

Daga kasuwa ba ta shiga cikin gida ba, zaure ta shiga. Ta tarar da su cirko-cirko, kaset na ƙarshe mai aiki shi ma ya ƙi, Mahamudu na ta hura shi har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malam Mahamudu, aje abin nan ka ba ni wuri, kai da jama'arka."

Suka fita suna murmushin kunya. Ta ɗauki kaset ɗin da bakin tsumma ta jefa kan tebur. "Buɗe shi. Kai mai gyara ne."

Ya nemi sukurdireba ya daɗe bai samu ba. Da ya ɓalle shi, wani wari ya taso. Haƙoran tagullar da ke ciki sun yi kore, jan goro da baƙin taba sun bushe a kansu kamar ƙasan tukunyar miya da aka manta. A tsakiya kuma, inda ya kamata a ga abin gyara, ba komai sai wani baƙin ɗigo mai tauri, kamar kashin akuya.

"Ina wurin sa dalma?"

"Wanga ba a gyara shi, Yaya. Sabo ake saye."

"To kai mi ne naka a ciki?"

Ta sa ƙafa ta turo rediyon daga ƙarƙashin tebur. Ƙarfen dalmarsa na can cikin murhun shayi, ya yi tsatsa, da shi ake tona garwashi. Maikano ya ɗauki rediyon, ya cire bayansa. Aishatu ta tsaya tana jira ya kara kunne, ko ya sansana. Ya juya shi dama, ya juya hagu, manyan yatsunsa na motsi su kaɗai. Sannan ya ɗaga shi zuwa bakinsa, ya kumbura kunci, ya hura. Wani ɗan guntun goro ya fito ya manne a kan waya.

Ta karɓe rediyonta. Ta goge shi da tsumman, ta jefa tsumman a murhu.

Washegari ta shiga mota zuwa Ƙonni, ta ba wani Mamane mai gyara, ya narka dalma a wuri ɗaya ya miƙo mata yana magana. Daga can ta wuce Illela ta yi gaisuwarta a makare, ta sha maganganun da ta san za ta sha. Da ta dawo ta sa aka fitar da tebur da tele da batir, ta kankare bango, ta ɗaure tumakinta a zauren. Ta ce tasu ƙazantar aƙalla taki ce.

Maikano ya kafa rumfa kusa da tasha, ya sayo wani akwatin da aka ce ya fi na farko, daga baya ya sayo wanda ya fi wannan. Direbobi suka bi shi. Bai talauce ba, har ya yi ƙiba. Sunan mai gyaran rediyo dai ya bar shi, ana ce masa Mai Hura. Aishatu ba ta yanke masa tuwo ba, kullum tana aika masa. Sai dai ta ware masa kwanonsa da moɗarsa, in an dawo da su kuma a bayan ɗaki ake wanke su, da toka.