Allon Ummaru da Aka Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Ummaru, wata uku kuma da Lawwali mai gyaran waya a kasuwar Sabon Birni ya goge mani muryar Ummaru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na fara da sunan wanda ya cuce ni.

Ummaru mai buga takardu ne a Isa. In koke za ka kai ƙaramar hukuma, ko ɗanka na neman makaranta, rumfarsa za ka. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, kabu-kabu nike yi, ni ke ɗaukarsa a babur duk inda za shi. Wata shekara ya sayi tabilet hannun wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar, yana kiranta allo. In ka kunna ta sai ta tambaye ka: waya kake so ko kwamfuta? Tsari biyu ne cikin jiki ɗaya, kuma ba sa ga maciji da juna.

Da ita muka yi yawon damina da rani, Alkalawa, Kamarawa, Kurawa, muna bin tsofaffi. Ummaru ya ce tarihin Gobir yana bakin mutanen da haƙoransu sun zube, in ba a yi sauri ba za ya bi haƙoran. A ɓangaren waya yake ɗaukar muryarsu. Sai ya kashe allon, ya kunna shi ta ɓangaren kwamfuta, ya jona madannai ya buga abin da suka faɗa. Kashe-kunna, kashe-kunna, har in gaji in kwanta bisa benci. Yakan ce mani, "Mamman, wata rana za a haɗe abubuwan ga biyu. Maƙwabta ne, katanga kawai aka gina masu." In ce masa, "Kai dai ka gama mu tafi, mai na tsiyaya."

To, an rushe katangar. Kwanaki wani malamin makaranta da na ɗauko ya nuna mani tasa tabilet: ka jona madannai ta zama kwamfuta, ka cire ta koma waya, abin da ka ɗauka nan shi ne can. Ya ce manyan kamfanoni duk can suka dosa. Na tsai da babur na duba da kyau, na rasa wanda za ni ba labari. Da Ummaru na nan, na san ba zai yi murna da wuri ba. Zai fara tambaya: tana aiki in babu sabis? Caji nawa take ci? Daga nan ya ce mu tafi Alkalawa, ni kuwa in gaya masa hanyar ba ta biyuwa kamar da, kuma tsofaffin da muka sani babu ko ɗaya.

Da ya rasu, iyalinsa suka ba ni allon. Karatuna bai kai in bi rubutunsa ba, amma kunne gare ni. Duk Juma'a bayan masallaci nakan zauna zaure ni kaɗai in kunna. Ba tsofaffin kawai nike saurare ba. Shi nike jira: tarinsa, yadda yake cewa "To baba, sai aka yi yaya?", da wani wuri inda ya ce in kashe babur ina ɓata masa aiki. Na ji wannan faɗan ya fi a ƙirga, ban gaji ba.

Bakin caji ne ya lalace. Shi kaɗai. Na kai wa Lawwali, na nuna masa da yatsa. Ya gyara, ya kunna, ya ga tana tambayar waya ko kwamfuta, abin da bai taɓa gani ba, sai ya yanke cewa cuta ce ta shige ta. Masu gyaran wayarmu kuwa maganinsu ɗaya ne ga kowane ciwo: filashin, wato a share komai a zuba sabo. Matambayi ba ya ɓata, amma bai tambaye ni ba. Gyaran gangar Auzinawa ya yi mani, har yana miƙo ta yana murmushi wai ya mai da mani ita sabuwa.

Me ya rage na Ummaru? Takardun da ya buga wa mutane suna can cikin akwatunansu, babu sunansa a kai. Sauran yana cikin kaina, kuma kaina ba abin dogaro ba ne. Jiya na kama kaina ina sa labarin tsohon Kurawa a bakin na Kamarawa, babu mai gyara mani.

Sati biyu ban koma kasuwar ba, don na san bakina. Da na koma ya ce, "Baba Mamman, ka yi haƙuri, ban sani ba." Na ce masa:

"Ban yafe ba tukuna, Lawwali. Ka ce ka iya na'ura. Ran Juma'a za ni zo bayan masallaci, ka rufe rumfar ga, ka jona wa allon madannai. Ni in faɗi abin da na tuna, kai ka buga. Inda na manta ka bar fili, kada ka cike mani da komi. Wannan filin naka ne, ka riƙa ganinsa."