Maigarin da Aka Yi wa Laƙabi da Sai-Baɗi

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji uku na firamare a Argungu, kuma manya ba su da zance sai na fili. Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, kowa na neman inda zai aza tubali. Mu yara ba ruwanmu. Burinmu a idar da magariba mu kewaye wutar da kakarmu Hajo take bandar kifi, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa.

Wata rana Kawu Bala, ƙanin babanmu, ya zo da shawarar a cike tafkin bayan unguwarmu a yanka filaye. Autan Hajo ne, ba ta iya yi masa faɗa. Sai da ya zauna cin tuwo kusa da mu ta juya kifinta ta ce, "Ku matso, wata tatsuniya ta taho daga gulbi."

"Ta iso lafiya!" muka amsa.

Wai a wani gari an yi maigari mai suna Sanda. Wata shekara gulbi ya sauya hanya, ya bar sabuwar fadama baƙa ƙirin. Manoma suka ce ta shinkafa ce. Fulani suka ce makiyaya ce. Masunta suka ce kwarin tsakiya nasu ne. Umaru, ɗan maigari, bai jira kowa ba, ya kafa turaku a wuri mafi kyau.

"Sanda yac ce a tumɓuke su," in ji Hajo, tana kaurara murya. "Yac ce, 'Ba mu san ƙasag ga ba tukuna. Mu ga daminarta, mu ga raninta, kana mu raba.'"

Gari ya sa masa suna Sai-Baɗi. Bai kula ba. Ya zagaya fadamar da manoma, ya sake zagayawa da Fulani, ya shiga kwalekwalen masunta, har matan da ke ɗibar yumɓu ya zauna da su. Kowa tambaya guda yake masa: in na ba wane nan, me zai same ka? Da ruwa ya zo ya koma, aka gane a kwarin nan kifi ke zuba ƙwai, kuma hanya ɗaya tak shanu ke iya bi su sauka mashaya. Hanyar ta ratsa ta tsakiyar wurin Umaru. Ranar rabo, gaban kowa, Sanda ya mai da wurin burtali. Umaru ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

"Ya dawo, Kaka?" na tambaya.

"Bai dawo ba, ɗiyata. Gari ya zauna lahiya, amma Sanda da kewar ɗanai ya mutu."

Kawu Bala ya daɗe yana wanke hannu, sannan ya yi murmushi ya ce, "Inna, ni ba inda za ni. Gobe in ji ta bakin maƙwabta." Tafkin yana nan har yau, nan ruwan unguwa ke taruwa.

A lokacin haƙurin Sanda ne ya burge ni. Sai da na girma na gane cewa jira ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ka tambayi mutane alhali ka san amsarsu tana iya cin naka.

Bayan shekaru, ina koyarwa a Birnin Kebbi, na raka mijina wani taro a Zauro. Ma'aikata sun shimfiɗa taswirar fadama a tabarma, suna son jin abin da tsarinsu zai jawo wa ruwa da ƙasa da mutane kafin a zartar. Wata ma'aikaciya ta dubi wani dattijon Bafulatani da ke tsaye can baya ta ce, "Baba, in aka yi gona a nan, ina shanunku za su bi?"

Ya waiga ya ga ko da wani take.

"Ni?"

"Kai fa, Baba."

Ya jingine sandarsa, ya cire takalmi, ya hau tabarmar.