Turanci Ba Aljani Ba Ne

Jiya jikata ta kawo mini aikinta na Turanci, na ce mata na gaji, ta bari sai gobe. Tana juya baya Kawu ya faɗo mini a rai, kunya ta rufe ni.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas, a gidansa na unguwar Ajiya na yi karatu. Kullum bayan la'asar ina samunsa a gindin mangwaro, yana ƙamshin man zafi, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. In nahawu ya rikita ni sai ya ce, "Turanci ba aljani ba ne, zauna mu kama shi."

Ana gobe jarrabawar adabi na tarar zazzaɓi ya kwantar da shi. Matarsa ta tare ƙofa ta ce, "Ki bar shi ya huta mana!"

Daga ciki ya ce, "Bar ta ta shigo."

Yana tari, yana rawar ɗari, ya warware mini waƙar da aka ba mu baiti-baiti. Na ci jarrabawar. Shi kuwa daga wannan kwanciyar bai sake tashi ba.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya sammini ko kaɗan daga haƙurinka.