Ranar da Isufu Ya Yarda da Abarci

Duk wanda ya san kasuwar dabbobin Dakoro ya san Mushe Abarci, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, tsohon malamin lakkol, wato makaranta, mai taurin kai, wanda ko jaki ya fi shi saurin sauya ra'ayi. Tun suna ɗalibai a Yamai yake gardama da amininsa Isufu. Dukansu 'yan gurguzu ne, amma ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba kan maganar jari-hujja.

Idan motoci suka cika da shanu suka nufi kudu, Abarci sai ya nuna su da baki. A ganinsa manyan ƙasashe da talaucinmu suka yi ƙiba, fatar dabbobinmu ta tafi ta dawo mana takalmi, don haka mafita ita ce a yanke igiya da kasuwar duniya. Isufu kuwa dariya yake yi, ya ce a bar jari ya shigo ya gina masana'antu tukuna, in babu ma'aikata wa zai yi juyin juya halin? Shayi ya huce, gashi ya yi furfura, ba wanda ya sauka. Abarci bai taɓa faɗa ba, amma ranar kasuwa, ranar haɗuwarsu, yake jira duk mako.

Bana ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Isufu. Da ya ɗan farfaɗo, Abarci ya je gidan Isufu ya zauna bakin tabarmarsa, ya ja tsohuwar maganar don ya motsa shi.

"Gaskiyakka, Abarci," in ji Isufu, yana murmushi.

Abarci ya tashi ya koma gida. Mako ya zagayo ya sake zuwa, amsa ɗaya. Rahinatu matar Isufu ta ce haka yake amsa wa kowa yanzu.

Sai Abarci ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya ɗauki ra'ayin Isufu, ya shiga yabon jari da masana'antu da ƙarfin murya, kowace kalma tana ƙona masa harshe, ko mutumin zai gane kayansa ya yi masa dariyar nasara.

Isufu ya dube shi da idanu masu sanyi.

"Gaskiyakka, Abarci."

"Wace gaskiya?" in ji Abarci. "Kai ka hwaɗe ta, ba ni ba! Ka ce mani ƙarya nike, Isufu, don Allah."

Isufu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa masa gwiwa, kamar mai lallashin baƙo.